Wurin Girma

Tela yana da rediyo a kan kanta, tsakanin gwangwanin maɓallai da ƙullin zare, kuma tun da ya buɗe shagon nan bai taɓa barin mai karanta labarai ya gama magana shi kaɗai ba. A ce yaƙi ya ɓarke a wata ƙasa, ya ce dama ya faɗa. A ce ruwa ya cinye gari, ya girgiza kai yana taka keken ɗinki. A ganinsa duniya ta riga ta zo gangara, sauran kawai a ji ƙarar faɗuwarta. Masu kawo ɗinki sun saba, har wani ya kan ce, "Tela, a gama min rigata kafin a tashi duniyar."

Ranar da abin ya faru, autarsa ce ta shigo da hantsi, riƙe da leda, fuskarta sai sheƙi take yi. Ta daɗe da aure ba haihuwa, kuma wannan abu yana cin ransa, ko da yake bai taɓa iya furta shi ba. Ta gaishe shi, ta zauna a benci tana murza bakin ledar. Daidai nan rediyo ya kawo labarin yaran da yaƙi ya raba da gidajensu. Tela ya dube ta, tausayi ya kama shi, ya ga ai ga damar lallashi ta samu.

"Kin ji ko, Auta? Wallahi wanda bai haihu ba a wannan zamani ya huta. A kawo yaro ya ga me?"

Sai ta ce dama wucewa take yi, ta tashi da ledarta ta fita. Shi kuwa har da jin daɗi, wai ya rage mata nauyi.

Da azahar matarsa ta kawo masa abinci, ta dire kwanon da ƙarfin da bai saba ji ba.

"Malam, me ka ce wa yarinyar nan? Juna biyu gare ta. Kunya ta hana ta faɗa maka da baki, shi ya sa ta sayo yadi mai laushi ka ɗinka wa jikanka kayan farko. Yanzu tana can tana kuka, ta ce na kanti za ta saya."

Ƙafarsa ta tsaya a kan keke. Murna da kunya suka taso masa lokaci guda, amma bakin da ya saba gardama da rediyo bai iya sauka da wuri ba.

"To ai ba ƙarya na yi ba. Ke ba kya jin abin da ke faruwa?"

Sai ta jawo wani ɗan wando da ya gama da safe, na yaron maƙwabta, ta juya ƙafar. A ciki ya kalmashe yadi mai yawa, kamar yadda yake yi wa duk kayan yara, ko an ce ya yi ko ba a ce ba.

"Wannan da ka ɓoye a ciki fa, na mene ne?"

"Wurin girma mana. Baɗi a warware, ya ci gaba da sawa."

"Au, ashe akwai baɗi," in ji ta, ta ɗauki mayafinta ta tafi.

Ya daɗe yana juya wandon. Yaƙin gaskiya ne, ruwan ma gaskiya ne, bai fasa jin tsoronsu ba. Amma shekara da shekaru yana yi wa duniya jana'iza da baki, hannunsa kuwa bai taɓa yanka wa yaro yadi daidai jikinsa ba. Ya rasa wanne ne shi a cikin biyun. Abin da ya sani shi ne 'yarsa ta zo masa da farin cikin da ta fi jira a rayuwarta, ya aike ta gida da shi a leda.

Ya rufe shago tun kafin la'asar, abin da bai taɓa yi ba, almakashi a aljihu, tef ɗin awo a wuya. Da ya isa gidanta, Auta ta buɗe ƙofa idonta a kumbure.

"Ina yadin?" ya ce.

"Baba, ai babu wanda za ka auna tukuna."

"Kawo dai, 'yata. Zan bar masa wuri sosai."