Inda Ruwa Ya Tsaya

Wanda bai ga shekarar da ta biyo bayan babbar yunwa ba, ya yi mana shiru, kada ya ce ya san darajar hatsi. A ƙasar Illela mutane sun cinye na rumbu, sun ci dussa, daga ƙarshe suka sauko da irin shuka daga inda aka rataye shi suka daka, suna sha suna hawaye. Da damina ta kawo kai, ga gonaki an share tas, amma babu abin zubawa a rami.

Gidan Malam Bawa na Tungar Mato, arewa da Tajaye, yana cikin waɗannan gidaje. Tsohon ya makance, yana zaune da surukarsa Zalika da jikokinsa. Ɗansa Rabo, mijin Zalika, lebura ne a kamfanin siminti na Malbaza, shi ke loda buhu a kamyo, babbar motar kaya, tun safe har gashin idonsa ya yi fari. Ƙarfin Rabo ba zai ƙara ɗaukar gida biyu wata shekara ba, tsohon ma ya sani, shi ya sa ya yanke magana da bakinsa: in an shuka gonar bana za su zauna, in damina ta wuce ta ba shuka, Rabo ya zo ya kwashe su zuwa Malbaza. Rabo ya ce to, amma ransa bai so ba. Ya san ɗakin hayarsa, ya san ƙurar da ke sauka a kan tuwo, ya kuma san ubansa. Mutumin da ke gane kowace bishiya ta gonarsa da tafin hannu ba zai daɗe a wannan ɗaki ba.

Ana cikin haka labari ya zo cewa Gwaggo Larai, ƙanwar tsohon da ke aure kusa da Konni, tana da iri. Ba na kasuwa ba, wanda ba a san asalinsa ba. Nasu na gado ne, gero dogon zango mai gargasa da tsuntsu ke shakkar sauka a kai. Da shi ta tafi gidan miji, tana shuka shi a bayan ɗaki. Da yunwa ta matsa sai ta zuba shi a tulu da toka, ta liƙe bakin da laka, ta binne a ƙarƙashin gadonta. Ƴaƴanta na kuka a kanta, ta toshe kunne. Wannan mata, Allah Ya yi mata zuciya!

Rabo ya roƙi hutu wurin shef ɗinsa, shugaban aikinsu, ya hau tsohon kekensa ya kwana wurinta. Da gari ya waye ta auna masa tiya uku a ƙaramin buhu, ta naɗe da leda, ta sake naɗewa, suka ɗaure a kariya da robar tsohon tib.

"Dube shi, ƙafafu kamar sillen kara," in ji ta. "Da wanga ƙarfe za ka kai Tunga?"

"Gwaggo, buhun siminti nake ɗauka."

"To ka ce ma yayana ban ci ba. Ka ce mai na so in ci, Allah Ya tsare."

Bai yi nisa da Konni ba gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso ta kusa jefa shi kwalbati, sannan ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Rabo ya yi dariya shi kaɗai a kan kwalta, ya buɗe baki yana sha. Ruwan da aka yi shekara ana roƙo, ga shi yana dukan ƙeyarsa. Motoci na watsa masa taɓo bai ko zage su ba. Jandarman shinge ya leƙo daga rumfa, ya ga jiƙaƙƙen mutum da keke, ya yi masa hannu ya wuce. Can gaba ya tarar da kamyon kamfaninsu a gefen hanya, direbansa Dogo ya dawo daga Tawa yana jiran ruwa ya sassauta.

"Rabo! Haukacewa ka yi?"

"Gida za ni. Yaya arewa?"

"Ruwa har Tawa! Wallahi ban ga busasshiyar ƙasa ba ko ta taimama. Wanga gama-gari ne."

Wannan magana ta yi wa Rabo daɗi har cikin ƙashi. Dogo bai yi ƙarya ba, abin da ya gani a bakin kwalta ya faɗa.

Daga nan ya bar kwalta ya kama jar hanya, wahala ta ce salamu alaikum. Laka ta riƙa cushewa tsakanin taya da madigadi har keken ya ƙi motsi. Sai ya sauka ya karyo itace ya ƙwaƙule, ya hau, ya ɗan taka, ta sake cushewa. Da abin ya ishe shi ya kwance madigadin ya jefar, sai tayar baya ta koma yi masa feshin jar laka tun daga ƙugu har wuya. Birki ya daina ci. Takalminsa ɗaya ya tsinke, ya ci gaba da taka feda da tafin ƙafa. Inda hanya ta hau fako duwatsu suka karɓe shi, suna girgiza shi har haƙoransa na haɗuwa. Ruwa dai bai ɗauke ba, in ya sassauta sai ya dawo da sabon ƙarfi.

Amma ko'ina ya waiga mutane ne a gona. Maza na gaba da sungumi suna sara, mata na biye suna zuba iri suna rufewa da diddige, duk a cikin yayyafi. Masu ɗan abin shukawa ba su jira ruwa ya tsaya ba. Tun yana murna da ganinsu har abin ya fara cin ransa. Kowa na shuka yau, shi kuwa sai yamma zai isa, sai gobe a shuka. Gonarsu yashi ce, ba ta riƙe laima. In rana ta buɗe gobe da ƙarfi, saman ƙasa zai bushe kafin irin ya farka.

Bayan azahar ya iso wani ƙaramin kori, rafin damina, ruwa na gudu iya gwiwa. Nan ya tsaya yana haki, nan kuma dabara ta zo masa, irin ta manomi ɗan manomi. Tun yana yaro, in sun makara da shuka, ubansa kan jiƙa iri ya sha ruwa tun kafin a kai shi gona. Irin da ya sha ruwa ba ya ɓata lokaci a rami, nan da nan yake hudowa ya kamo na maƙwabta. Kowa ya san busasshen iri ana iya binne shi a busasshiyar ƙasa ya yi ta jiran ruwa, jiƙaƙƙe kuwa sai ƙasa mai laima, in ba haka ba ya mutu. To ina abin tsoro? Ga ruwa a sama, ga ruwa a ƙasa, ga shaidar Dogo. Ya kwance roba, ya warware ledar Gwaggo, ya yi bisimilla ya tsoma buhun a korin. Ya riƙe shi a ciki har ya daina kumfa, ya ɗaga ya tsane, ya mai da shi cikin leda ya ɗaure. Har wani daɗi ya ji, yana hango tsohon zai ce, ashe yaron ga bai manta ba.

Abin da bai lissafa ba shi ne babban korin da ke gaba. Da la'asar ya same shi ya cika ya batse, yana tafe da itatuwa da mushen akuya. Masu jakuna na zaune a gaɓa sun zuba tagumi. Ya shiga har ƙirji da keken a ka, ruwa ya ɗauke ƙafarsa, da ƙyar wani Bafillace ya miƙo masa sanda ya jawo shi. Dole ya kwana a zauren wani ƙauye, yana rawar ɗari, buhun na gefensa cikin leda yana ɗumi.

Da safe ruwan korin ya ja, ya haye. Yayyafi bai daina ba. Cinyoyinsa sun yi tsami, zama a sirdi ya gagara, sai ya riƙa taka feda a tsaye. Sarƙa ta yi ta zamewa saboda yashi, yatsunsa duk sun yanke wajen mai da ita. Inda rairayi ya yi zurfi ya tura, inda ya yi tauri ya hau. Ya ratsa Tajaye da hantsi, ruwa kwance a kasuwa, bai tsaya ko shan fura ba. Yunwa na cinsa, amma gida ya kusa.

Bayan Tajaye da ɗan nisa yayyafin ya tsaya. Bai damu ba. Can kuma ya ji kukan taya ya sake, ta daina tsotsar laka, ta koma wani ƙaras-ƙaras. Ya duba ƙasa. Laima ce sama-sama, irin wadda kaza ke tonewa da ƙafa ɗaya. Ya ƙara gaba, sai ɗigo-ɗigo a kan rairayi. Ya ƙara gaba, sai ƙura ta tashi a bayan tayarsa.

Ya sauka. Ya durƙusa ya tona da hannu har wuyan hannu, ƙasa na zubowa tsakanin yatsunsa da zafinta. Ya waiga kudu, ga hadari can baƙi ya tokare. Ya dubi arewa, wajen Tunga, sama fes, rana na ƙyalli a kan gonakin da aka share. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bai iya kwance buhun ya duba ba, tsoro ya hana shi. Ya kama kan keken ya tura.

Haka ya shiga Tungar Mato, jiƙe sharkaf, jar laka tun daga gashi har ƙafa, a garin da ko ɗigo bai sauka ba. Mutanen da ke zaune gindin bishiya suka miƙe. Wata tsohuwa ta matso ta taɓa hannun rigarsa, ta kai yatsun hancinta. Babu wanda ya yi masa barka da zuwa yadda ya kamata, kowa rigar yake kallo.

Malam Bawa na zaune a ƙofar gida kan buzu. Ya ji ƙarar keke ya ɗaga kai.

"Rabo ne?"

"Ni ne, Baba."

"Kana warin ruwa."

Zalika ta fito da gudu, ta ga buhu a kariya ta rangaɗa guɗa, ta kwance shi da hannunta ta ajiye gaban tsohon. Tsohon ya laluba ya warware leda, ɗumi ya bugi fuskarsa. Ya tura hannu cikin buhun, ya daɗe bai fito da shi ba. Da ya fito da shi, ga ƙwayoyin sun kumbura, kowace ta fasa baki ta fito da ɗan farin tsiro. Yana murza su a hankali da babban yatsa.

"Namu ne," in ji shi. "Larai ba ta ci ba."

"Ta ce in gaya maka ta so ta ci."

"Kai ka jiƙa shi?"

"Ni ne, Baba. Na ga ruwa ko'ina. An ce mini har Tawa." Ya durƙusa a ƙasa, ƙato da shi, yana kuka kamar yaro. "Na ce kada mu makara."

"Ko ni ne haka zan yi," in ji tsohon. Wannan ta fi zagi ciwo a wurin Rabo.

Zalika ta ce a ɗebo ruwan rijiya a shuka ko bayan gida ne. Ta faɗa ne kawai, ita ke kwana a bakin rijiyar kafin ta sami na sha. Wani maƙwabci ya ce a shanya, wani ya ce wanda ya tsira ba ya komawa. Wani kuma ya ce a daka wa yara tun bai yi tsami ba, ko ba komai ciki ya amfana. Tsohon ya gyara zama. Ya ɗaga fuska sama yana shaƙar iska, ya juya gabas ya shaƙa, ya jima. Ya shekara saba'in yana jin ƙanshin hadari tun kafin masu ido su gan shi, yau bai ji komai ba.

"Ina ruwan ya tsaya?"

"Bayan Tajaye kaɗan. Wajen gonakin su Alkasum."

"Sun shuka?"

Rabo ya share hanci. "Na gan su zaune a bakin gona. Ba su da iri."

Tsohon ya mai da ƙwayoyin da ke hannunsa cikin buhu, ya kakkaɓe tafinsa a ciki don kada ko ɗaya ta faɗi ƙasa. Ya ɗaure bakin da kansa.

"Tashi ka kai musu. Yanzu, tun ƙasarsu ba ta sha iska ba."

"Baba, mu bar ko tiya guda. Wataƙila da dare..."

"Ba a yi wa mai rai haka. Ya riga ya farka, ƙasa yake nema. Ka ce ma Alkasum kada ya zurfafa rami, wanga iri ba ya son nisa."

Rabo ya miƙe da ƙyar. Ya ɗaure buhun a kariya, roba ta kuɓuce masa sau biyu. Ya juya kan keken kudu, inda ya fito. Laka ta fara bushewa a jikinsa tana tsattsagewa. Ya ɗora ƙafa a feda ke nan ya ji muryar tsohon a bayansa, a hankali, ba da shi yake ba.

"Zalika, ɗiyata, ki fara haɗa kaya. Ki bar su sungumi da hauya, ki ba maƙwabta. Can inda za mu babu gona."