Kalma Ukun da Hure Ta Haɗiye

Hure tana sussukar gero a tsakar gida, ɗanta na fari, Gwadabe, yana tsaye a bayanta da ƙunshin kayansa. Ba ta juyo ba. A ƙauyensu, Gafasa, uwa ba ta kallon ɗan fari ido cikin ido, ba ta kama sunansa, balle ta nuna tana son sa. Shekara ashirin da biyu ke nan tana kiran sa "wancan".

A lokacin, yaƙin basasa ya yi zafi, ana ɗibar soja a Kano, motar da za ta kwashi samari kuma tana jira a Gaya.

"Inna, zan tafi," in ji shi.

Ta ɗaga taɓarya ta sauke. "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka," ta ce, kamar da turmin take magana.

"Ƙanena Tukur ya girma, zai taya Baba noma."

"Kowa ya bar gida, gida ya bar shi."

Gwadabe ba wawa ba ne, da irin wannan zance aka raine shi. In ta ce hadari ya haɗo, ya san Baba ne ya fusata, sai ya sulale. In ta ce kaza ta rage tsaba a bayan rumbu, ya san tuwo ta ɓoye masa. Duk ƙaunarta a naɗe take zuwa, shi ke kwancewa. Yau kam ya gaji da kwancewa.

"Na ji karin maganar, Inna. Amma sau ɗaya dai ki faɗa mini a fili. Ki ce kada in tafi, wallahi in ajiye kayan nan."

Uwar mijin Hure, Gaji, tana bakin ɗaki tana kaɗi, kunnuwa a buɗe. Kalma uku ce kacal, Hure tana jin su a maƙogwaro. To amma wace uwa ce za ta zubar da kunyarta a gaban suruka saboda ɗan fari? Ai sai a yi ta yi da ita a bakin rijiya har ta tsufa.

"Kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa," ta ce.

Ya jira. Ta ci gaba da sussukarta. Ya saɓa kayansa ya fita.

Bayan damina biyu, wata rana da hantsi, Datti ƙanen mijinta ya dawo daga Gaya. Ya tsuguna nesa da ita, kansa a ƙasa.

"Hure, sai haƙuri. Mai kaya ya karɓi kayansa. Yaron nan ya riga mu gidan gaskiya."

"Datti, bar lulluɓe mini magana, na ƙoshi da ita. Mutuwa ya yi?"

"Ya mutu. Can aka binne shi, ba mu san wurin ba."

Ba ta yi kuka ba. Ta miƙe, ta ratsa zaure ko mayafi babu, ta tsaya tana fuskantar hanyar Gaya, inda ba kowa sai wani jaki yana kiwo.

"Gwadabe!" ta kira da ƙarfi. Sunan ya yi mata baƙo a baki. "Gwadabe, kada ka tafi."

Daga cikin gida Gaji ta ajiye mazarinta.

"Ku shigo da ita," ta ce. "Sunan ɗan fari take kamawa a gaban mutane."