Hutun Shuka

Aikin Jibrin a kamfanin da ke gina madatsar ruwa ta Bakolori shi ne tsayawa tsakanin leburori da manyan kamfani. A ofis jami'in sasantawa ake ce masa. Leburori kuwa Malam Sai-an-duba suke kiransa, kuma ba su zalunce shi ba. Ɗan mahauta ne daga Talata Mafara, ya tashi yana kallon ciniki a kasuwar shanu, har ya yi imani babu rigimar da zama ba ya kashewa.

Buƙatar leburorin ba ta taka kara ta karya ba. Galibinsu manoma ne, kuma ranar da ruwan shuka ya sauka manomi ba ya jiran kowa. Bara waɗanda suka tafi shuka sun dawo sun tarar an maye gurbinsu. Bana suna so kamfani ya yarda a rubuce: in ruwa ya sauka a sake su su je gona, aikinsu na jiransu.

Mai magana da yawunsu Mamuda ne, dattijo daga Dosara, mai gona a bakin gulbi, sama da madatsar. Tun da rani ya sami Jibrin, suka gaisa har gaisuwa ta ƙare.

"Malam Jibrin, mun yanke shawara," in ji Mamuda. "Gobe muna aje shebur, sai an ba mu amsa."

"Haba Baba Mamuda! In kunka aje aiki, da wane baki za ni yi musu magana? Ku ba ni lokaci. Na ɗau alkawali, bana kowa na shuka."

Mamuda ya yarda. Leburori suka ci gaba da zuba kankare, bango yana tashi, Jibrin yana zarya. Yau manaja ya ce sai an tambayi Legas, gobe ya ce Legas ba ta amsa ba. A gaskiya Jibrin bai yi lalaci ba, har ramewa ya yi.

Ana gab da damina, bayan an toshe gulbi ruwa ya fara taruwa, manaja ya kira Jibrin, ya sa wa takardar hutun shuka hannu ba gardama, har da murmushi. Wanda ya girma a kasuwar shanu ya kamata ya tsargu in an sallama masa saniya da sauri haka. Jibrin murna ya yi, abin haushi.

Da ruwan shuka ya sauka aka saki leburori. Jibrin ya hau babur ya nufi Dosara don ya ga amfanin wahalarsa. Ya tarar da Mamuda tsaye a kan tudu, sungumi a kafaɗa, ƙwaryar iri a hannu. Gabansa ruwa ne shimfiɗe, sai kan wata ɗorawa da ke leƙowa daga inda gonarsa take.

Jibrin ya yi sallama.

"Mun gode, ga mu cikin hutun," in ji Mamuda, bai ko waiwayo ba. "Lokacin da suka buƙatar hannunmu, kai kac ce mu jira. Munka jira, munka ƙare musu bango."

Sai ya juyo ya ɗora wa Jibrin ƙwaryar a hannu.

"Amshi. Kai kas samo muna hutun shuka. Gwada min inda za ni shuka."