Ruwan Safe

Tun ranar da Dogo ya ce ya bar masa ruwan safe, hankalin Mai Latas bai kwanta ba. Lambunansu na jere a bakin lambatun da ke kwaso ruwan gari, kuma rabo suke yi: ɗaya ya buɗe ruwa da safe, ɗaya da yamma. Na safe ya fi ƙarfi. Shekara da shekaru Dogo na tada jijiyar wuya a kansa, yau kuma ya bayar kyauta, har da dariya?

Ba a daɗe ba ƙasar ta canja fuska. Wani farin ɓawo ya hau kunyoyi, ruwa ya kwanta ya ƙi shiga. Bakin ganyen latas ya ƙone, karas kuwa ya yi jajir gwanin sha'awa. Shi Autarsa ke tugewa in ta biyo shi lambu, ta goge a riga ta hau gurgura. Kwanan nan kuma kullum kukan ciki take.

"Tsutsar ciki ce," in ji matarsa. "Kai komai sai ka ce da hannun wani."

Da ma in Mai Latas ya buɗe ruwa, kasuwa yake wucewa da kaya. Washegari ya fasa, ya tsuguna yana kallo. Ruwan ya zo da kumfa, shuɗi-shuɗi, warinsa na hawa kai. Ya leƙa lambun Dogo: ba ganyen ci ko ɗaya, sai dashen furanni a leda.

"Dogo, yaushe ka koma mai furanni?"

"Kasuwa ce, maƙwabci. Kai ma gwada, ko ka yi ƙamshi."

Mai Latas ya tuge karas, ya ɗauraye, ya miƙa masa. "Ungo, ɗanɗana min."

"Haƙori ke damuna."

"To kai wa yara."

Dogo ya dubi karas ɗin, ya cusa hannu a aljihu. "Sabon kamfanin rinin nan da safe yake sako ruwansa. Na ɗauka ka sani."

"Ka ɗauka? Kana kallo 'yata na ci!"

Ya ɗauki fartanya ya toshe bakin ruwan da laka, ya cika wata tsohuwar kwalba da shi, ya nufi gida da sauri. Tun daga ƙofa ya ɗaga murya:

"Sa wa Auta takalmi, asibiti za mu."