Nozul Na Uku

"Ku sauke ni a hankali mana, ba buhun siminti kuka ɗauko ba," in ji Mai Kunne, lokacin da muka dire kujerar robarsa a ƙofar gareji.

Ni da matarsa muka ɗauko shi, kuma wallahi kujerar ta kusa fin shi nauyi. Wata huɗu yana kwance, ciwo ya cinye shi, bakin nan ne kawai ya gagara.

Shekara talatin shagona na ɗinki yana jikin garejinsa, bango ɗaya ya raba mu. Bakaniken motocin dizal ne, kuma da kunne yake aiki. Zai dafa tsinin wata doguwar sukundireba a kan injin, ya manna mariƙinta a kunnensa, ya kwaɗa mini kira, "Tela, tsayar da keken nan!" Dole in ɗauke ƙafa, ko da rigar ango ce a ƙarƙashin allura. Minti ɗaya ya ishe shi ya faɗi nozul ɗin da ya daina fesa mai. Na sha yi masa tsiya cewa ya ci mini lokacin da zai ishe ni ɗinka wa unguwa kaf kaya.

Da ya kwanta, 'yarsa Auta ta riƙe garejin. Shekara goma sha biyu tana aiki a gefensa, hannunta ya fi na maza da yawa. Amma direbobi sai su leƙo su ce, "Ya jikin Baba? To, sai ya miƙe," su ja motarsu zuwa wani wuri. Mu kuwa mun san ba miƙewa zai yi ba. Shi ma ya sani. Idan aka ci gaba a haka, garejin zai riga shi mutuwa, kuma da shi gidan ke ci.

Ranar da muka fito da shi ɗin, da hantsi muna zaune a ɗakinsa sai muka ji wata mota ta shigo layi tana tari. Ya rufe ido, ya karkata kai, ya ce ƙasa-ƙasa, "Na uku ne." Ni kaɗai na ji. Sai ya buɗe ido ya ce lallai a fitar da shi.

Motar Dogo ce, shugaban direbobin tasha, mutumin da in ya yi atishawa da safe, kafin azahar kowa ya ji. Ya zo dubiya ne da abokansa uku. Motar na karkarwa kamar mai zazzaɓi, salansa na aman baƙin hayaƙi.

"Alhamdu lillahi, Baba ya fito!" Dogo ya washe baki. "Baba, saurara mini ita. Ba ta da ƙarfi a hawa, ga shan mai kamar an huda tanki."

Aka matso da kujerar. Mai Kunne ya dafa sukundirebarsa, ya yi ta saurare har da yamutsa fuska. Sannan ya ɗaga murya yadda na bakin titi zai ji.

"Nozul na biyu ne ya mutu. Auta, kwance shi."

Na buɗe baki, ya take mini yatsan ƙafa. Ban san inda ya samo ƙarfin ba.

Auta ta karɓi sukundirebar ta bi nozul huɗun ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe a sunkuye. Da ta ɗago, ƙasa take kallo.

"Baba, ka yi haƙuri. Ni na uku nake ji."

"Ke! Ni za ki koya wa injin?"

"Haba 'yar nan," in ji Dogo, "tun ba a haife ki ba yake wannan aiki. Yi abin da aka ce miki."

Tausayinta ya kama ni. Amma ba ta ja da baya ba. Ta ɗauko sifana ta ce, "To bari injin ya raba mu." Ta sassauta notin bututun mai na biyu. Nan take injin ya ƙara rikicewa kamar zai mutu.

"Kun ji? Da na hana shi mai, injin ya ji a jikinsa. Wannan yana aiki."

Ta ɗaure, ta sassauta na uku. Mai ya tsatso, amma ƙarar injin ko gezau.

"Wannan kuwa, da shi da babu duk ɗaya."

Ta kashe motar, ta zaro nozul ɗin, ta ɗaura shi a famfon gwaji ta danna hannu. Maimakon feshi mai laushi, sai ɗiga yake yi, ɗis, ɗis. Ta wanke shi da kananzir, ta sauya masa baki, ta sake dannawa, ya yi fesss. Da ta mayar ta tada mota, ƙarar ta daidaita, hayaƙin ya washe.

Dogo ya riƙe haɓa. "La ilaha illallahu! Yau an kayar da Mai Kunne a gabana!"

"Tsufa ne," in ji tsohon, yana wani sunkuyar da kai. "Kunnen ya koma sabon gida. Ku mayar da ni ciki, kun ga kunyata."

Da muka kwantar da shi na rufe ƙofa na ce, "Kai dai tsohon maƙaryaci ne. Shekara talatin kana taƙama da kunnen nan, yau ka zubar da shi a gaban sarkin surutun tasha."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Me zan yi da shi a can, Tela? An ce maka akwai motar dizal? In ka faɗa mata, ban yafe ba."

Kwana tara bayan haka ya cika, da safe, bayan ya yi wa matarsa ƙorafin shayi ba sukari. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. A wajen ta'aziyya kuwa, da ƙyar muka riƙa danne dariya, don Dogo sai da ya ba da labarin nozul na uku sau biyar, kowane karo yana ƙara masa gishiri.

Ranar da Auta ta buɗe gareji, motoci huɗu ne a layi tun kafin in gama share ƙofar shago. Ina cikin ɗinkin wata riga na hango ta ta taga. Ta ɗauko doguwar sukundirebar nan, mariƙinta ya yi sulɓi saboda shekaru, ta dafa ta a kan injin, ta karkata kai. Direbobin suka yi tsit.

Ba ta kira ni ba. Na ɗauke ƙafata daga kan keken.