Kwat ɗin Suruki

Gara a amsa laifi tun da wuri: Mai Kaya ba ya ƙarya, amma yakan yi wa gaskiya guga kafin ya fita da ita. Shekara tara ke nan yana riƙe da mukullin ɗakin sutura na ƙungiyar wasan kwaikwayon unguwarsu, ɗakin da ba komai cikinsa sai akwatunan ƙarfe uku da warin kafur. Ba shi da murya, ba shi da fuskar hawa dandamali, shi ya sa aka ba shi allura. Dokarsa ɗaya ce: duk rigar da ta shigo sai ya ɗinka mata farin ƙyalle a cikin wuya, ya rubuta wanda zai sa ta a wasa, don kada Likita ya sake fitowa da rigar Ɗan Sanda.

Da Darakta ya ce yana son tsohuwar kwat mai kwarjini, Mai Kaya ya san inda take. Surukinsa, tsohon hedimasta, yana da ita, kuma ya fi kula da ita fiye da hawan jininsa.

Ya je ya durƙusa. "Baba, aron kwat muke nema. Akwai alƙali a wasan."

"Alƙali," in ji tsohon. "To, za ta dace da shi. A kula da aljihun hagu, ya fara gajiya."

Akwai alƙali a wasan, wannan gaskiya ne. Sai dai wanda ya sa kwat ɗin shi ne wanda aka gurfanar gabansa.

Aka yi wasa kwana uku. Mai Kaya ya kakkaɓe kwat, ya shanya ta a inuwa, ya goge ta ta kan jiƙaƙƙen ƙyalle, ya mayar da ita da godiya. Sai ranar Laraba, yana cire ƙyallayen wuya daga sauran riguna, ya ga na Alƙali, ya ga na Masinja, bai ga na kwat ɗin ba. Wanda ya rubuta wa TSOHON ƁARAWO da manyan baƙaƙe, da tawadar da ba ta jin sabulu.

"Asabar Baba zai shugabanci taron tsofaffin malamai," in ji matarsa. "Ka san shi, da ya ji zafi sai ya tuɓe ya rataya a bayan kujera."

"Wuyan na kallon jama'a?"

"Yana kallon jama'a." Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Baban yara, ka je ka faɗa masa mana."

"Ke ubanki ne. Ni surukina ne."

"To, hannunka ya ɗinka, sai bakinka ya warware."

Ranar Alhamis ya tafi da reza a aljihu, ya ce ya tuna akwai maɓalli ɗaya da ke lilo.

"Maɓallai lafiyarsu ƙalau, na duba," in ji tsohon. Ya zaunar da shi awa guda yana ba shi labarin yadda yaran yanzu ba su iya rubutu ba.

Ranar Juma'a ya koma da sabuwar dabara. Hodar 'yan wasa, in ji shi, tana maƙalewa a wuyan riga ta ci yadi. Tsohon ya dube shi ta saman tabarau, ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce a miƙo masa kwat. Mai Kaya ya ce bari ya fita baranda, can ya fi haske.

Ya juya wuyan. Ƙyallen na nan, rubutun na nan. Ya sa reza, reza ta rasa ta inda za ta shiga. Shi ɗinki huɗu ya yi da farin zare. Wannan kuwa baƙin zare ne, ƙanana ƙanana, an zagaye ƙyallen kaf.

Surukarsa ta zo wucewa da bokiti.

"Ɗinkinka ya fara warwarewa, ɗan nan," ta ce. "Babanku ya ce in gyara kada ya faɗi kafin Asabar. Wai abokansa su ma su gani."

Mai Kaya ya mayar da rezarsa. Da yake sana'a ba ta barin mutum, ya shafa aljihun hagu ya ga ko ya ƙara gajiya. Akwai tikitin wasan a ciki, na ranar farko, layi na biyu.