Ludayin Malama Falmata

"Ki bar ta ta faɗa da bakinta, Hawwa'u."

Hawwa'u ta yi sak da kofin kunu a hannu. Maƙwabciyarta Malama Falmata ce ta yi maganar, tana kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa, ciwon hanta ya mai da idanunta kamar ɗorawa. Tambaya ɗaya ta yi wa Rauda, 'yar farin Hawwa'u mai shekara takwas: yau me kuka yi a makaranta? Yarinyar ta fara "mu-mu-mu," jijiyar wuyanta ta miƙe, uwar kuwa caraf ta cafe, "Tumatir suka yi wa ban-ruwa, Malama."

"Ai gani na yi tana shan wahala," in ji Hawwa'u.

"Wahalarta ce, ki bar mata abarta. Ke dai akwai gaggawa, kamar mai toya ƙosai."

Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu a unguwar Yerimaram. Rauda da in'inarta aka haife ta, amma da tana magana. A makarantar da aka fara sa ta ne wani malami ya tsai da ita gaban allo, duk kalmar da ta maƙale ya zuba mata bulala, aji na ƙyaƙyata dariya. Tun ranar ta ja bakinta ta kulle. A gida ta kan ɗan taɓa, a waje kuwa ko gaisuwa sai uwar ta amsa mata.

Malama Falmata ce ta ce a kawo mata ita. Ta bar koyarwa a makarantar gwamnati ta buɗe tata a filin da mijinta ya rasu ya bari, daga rabin aji har sakandare. Mutanen unguwa suka sa mata suna makarantar wasa. To, ina laifinsu? Makaranta ba bulala, yara na awon kunyoyin lambu da igiya wai lissafi suke koyo, manya na zaune da ƙanana suna ja musu baƙi! Kullum da safe kuma a yi da'ira a gindin darbejiya, a zagaya da wani tsohon ludayin duma. Wanda ludayin ke hannunsa shi ke da magana, ko Malama ba ta katse shi. In ya zo kan Rauda sai ta riƙe, kowa ya yi shiru, a jira, a jira, sannan ta miƙa gaba ba ta ce uffan ba. Malama ta ce, "Mun gode, Rauda. Gobe ma rana ce."

Shekara ta zagayo a haka, haƙurin mahaifinta Bubayaro, dillalin shanu, ya ƙare.

"In zangon nan ya fita ba ta buɗe baki ba, ƙauyen Danchuwa zan kai ta wurin Goggo, ta koyi tatsa," ya ce. "Shanu dai ba sa yi wa mutum dariya."

Bubayaro ba ya magana biyu. Shi ya sa duk cokalin kunun da Hawwa'u ta ɗura wa Malama, da tsoro take ɗurawa. Tana son matar nan har ranta, wallahi, amma kuma tana tambayar kanta, in Malama ta tafi wa zai ƙara jiran yarinyar nan?

Ranar Talata da yamma Malama ta kama hannunta. Yatsun sun zama kamar tsinke.

"Hawwa'u, alfarma ɗaya. Duk ranar da Rauda ta fara magana, ko za ki mutu, kada ki taimake ta."

"Haba Malama, ai da ke za a yi."

"Uhm. Allah ya sa."

Washegari ranar kasuwar shanu ce. Hantsi ya ɗaga, tireloli na ta ruri a bakin titi, Hawwa'u na dama kunu, sai ta jiyo salatin Ya Kaka, mahaifiyar Malama, ta saman katanga. Muciya ta suɓuce daga hannunta. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin azahar an kai Malama Falmata makwancinta. Rauda ba ta yi kuka ba, ta dai shige bayan ƙyaure ta ƙi cin abinci.

Ran sadakar uku tsakar gidan ya cika da mata, ana rabon gumba, sai ga 'yan makaranta sun shigo cikin kayan makaranta, manya riƙe da hannun ƙanana. Suka durƙusa suka yi wa Ya Kaka gaisuwa. Ba wanda ya ce su yi, sai kawai suka zauna suka yi da'ira a gaban rumfar. Hussaina, babbar cikinsu, ta zaro ludayin daga hijabinta.

"Yau kuma wane wasa ne a gidan makoki?" wata ta ce.

"Ƙyale su," in ji Ya Kaka. "'Ya'yanta ne."

Ludayi ya fara zagayawa. Wannan ya ce ita ta koya masa karatu, waccan ta ce ta taɓa ɗinke mata riga. Ana cikin haka Bubayaro ya yi sallama daga zaure, ya shigo yi wa tsohuwa ta'aziyya, ya tsaya da sandarsa a kafaɗa. Daidai nan ludayin ya iso hannun Rauda.

Ba ta miƙa gaba ba.

"Tu-tu-tu..."

"Wayyo, ku karɓe mata mana," in ji wata dattijuwa. "Uwarta, me take son cewa?"

Hawwa'u ta sani sarai, don da safe ta ga inda yarinyar ta tsuguna a lambun makaranta. Maganar ta taso mata har maƙogwaro. Ga idon mata a kanta, ga mijinta tsaye, ga 'yarta na kokawa da harshe, gumi na tsattsafo mata a goshi. Hawwa'u ta tura gefen mayafinta a baki ta datse da haƙora, hawaye na zuba. Yaran kuwa ko motsi babu, sun saba. Har matan ma suka yi tsit.

"Tu-tumatirin Malama," in ji Rauda, "ya-ya yi fure."

Ta ja numfashi, ta ƙanƙame ludayin a ƙirji.

"Ba ta ga-gani ba."

Ya Kaka ta kifa kai a gwiwa ta fashe da kuka. Bubayaro ya sauke sandarsa a hankali, ya juya ya fita, gaisuwar ma bai yi ba.

Ranar Litinin da safe Bubayaro na ɗaura takalmi a ƙofar ɗaki, bai dubi kowa ba ya ce, "Yarinyar nan za ta makara fa."

Rauda ta saɓa jakar makarantarta ta fita. Hawwa'u ta koma gindin murhu ta zuba kunu, na maigida, nata, sannan ta cika ƙaramin kofin nan kamar kullum. Sai da ta kai bakin katanga ta tuna. Ta leƙa. An naɗe tabarmar an jingine ta a jikin rumfa, wata kaza na tono a wurin. Ta daɗe tsaye, kofin na hucewa a hannunta.